Duba Marasa Lafiya Daga Nesa: Yaushe Yake Rage Wa Mutanen Karkara Tsadar Jinya?

A yawancin ƙauyuka, idan ciwo ya kai ga sai an je babban asibiti, kuɗin ganin likita kaɗan ne daga cikin abin da iyali ke kashewa. Kafin a yanki kati, an riga an biya kuɗin motar mara lafiya da na mai jinya, an tanadi abinci da wurin kwana, an bar gona ko rumfar kasuwa na kwana biyu ko uku. Sau da yawa kuma ɗan'uwan da ke aikin gwamnati ko kasuwanci a birni ake bugo wa waya domin ya turo kuɗin. Wannan nauyi ne ya sa gwamnatoci da masana harkar lafiya suka daɗe suna sa rai a kan duba marasa lafiya daga nesa, wato abin da ake kira telemedisin.

Alƙawarin da tsarin ke ɗauke da shi mai sauƙin fahimta ne: maimakon mara lafiya ya yi tattaki zuwa wurin ƙwararren likita, sai bayanan ciwonsa su yi tafiyar. Amma ko hakan yana rage kashe kuɗi da gaske, tambaya ce da ƙasashe da dama suka gwada amsa ta da alƙaluma, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A wasu wurare tsarin ya mayar da fiye da abin da aka zuba masa. A wasu ya yi tsadar da ta wuce amfaninsa, a wasu kuma ya yi aiki na shekaru sannan ya durƙushe rana ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne yadda aka tsara aikin, da yawan masu amfani da shi, da kuma wanda ke biyan kuɗinsa.

Mene ne duba mara lafiya daga nesa?

Ana nufin duk wata hanya ta gano ciwo, ba da shawarar magani ko bibiyar mara lafiya ta amfani da waya, intanet ko wata kafar sadarwa, alhali likita da mara lafiya ba sa wuri ɗaya. Ya kasu gida huɗu, kuma tsadar kowane gida daban take.

Na farko shi ne wanda mara lafiya ke magana da likita kai-tsaye ta kiran waya ko na bidiyo. Na biyu shi ne wanda ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti ke tuntuɓar ƙwararren likita a madadin mara lafiyar da ke gabansa. Na uku shi ne na ɗauka a tura, inda ake ɗaukar hoton ƙurji, hoton ƙirji ko sakamakon gwajin bugun zuciya a aika wa ƙwararre, shi kuma ya duba lokacin da ya samu sarari ya mayar da amsa. Na huɗu shi ne na sa ido daga nesa, inda ake ajiye na'urori a gidan mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, suna aika awo zuwa asibiti kullum.

Tunanin ya girmi wayar salula da shekaru masu yawa. A Ostireliya, an kafa hidimar likitocin da ke zuwa ƙauyuka ta jirgin sama a 1928, shekara ɗaya bayan haka kuma aka fara raba wa mazauna daji rediyon da ake murza wa feda domin ya samu wuta, su riƙa kiran likita da shi. A 1964, cibiyar kula da masu taɓin hankali ta Jihar Nebraska a Amurka ta haɗa kanta da wani asibitin jiha mai nisan kusan kilomita 180 ta hanyar talabijin mai kai sauti da hoto ɓangarori biyu. Annobar korona ce ta mayar da abin ruwan dare. A shirin inshorar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, adadin ganin likita daga nesa ya tashi daga kimanin 840,000 a 2019 zuwa miliyan 52.7 a 2020.

Yadda ake auna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Tambaya ta farko da masana tattalin arziƙin lafiya ke yi ita ce: arha ga wa? Abin da ya rage wa mara lafiya kashe kuɗi yana iya ƙara wa gwamnati nauyi, domin ita za ta sayi kayan aiki, ta biya likitocin da ke amsa kira. Haka nan, abin da ya rage wa gwamnati kuɗin motar ɗaukar marasa lafiya yana iya rage wa babban asibiti kuɗin shigar da yake samu daga kati da gwaje-gwaje. Saboda haka bincike biyu na iya duba shiri ɗaya su fitar da sakamako mabambanta, gwargwadon aljihun da kowanne ya lissafa.

Abu na biyu shi ne rarrabe kuɗin kafawa da kuɗin gudanarwa. Kwamfuta, na'urar gwaji, sola, horar da ma'aikata da albashin masu kula da cibiya, duk ana biyan su ko mutum ɗaya ya zo ko dubu. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kama hayar shago ya san wannan lissafi. A ƙaddara wata cibiya tana cin Naira miliyan 12 a shekara. Idan marasa lafiya 600 kawai ta duba, kowane mutum ya tashi a kan Naira 20,000. Idan 6,000 ta duba, kowanne ya tashi a kan Naira 2,000. Kayan aikin ba su canja ba, yawan masu amfani da su ne ya sauko da farashin.

Abu na uku shi ne adadin tafiye-tafiyen da aka hana. Idan an duba mutum daga nesa amma duk da haka sai ya je birni, to an biya kuɗi sau biyu. Riba tana fitowa ne daga waɗanda aka warware matsalarsu a inda suke, da kuma waɗanda aka gano ciwonsu da wuri kafin ya kai ga kwanciya a asibiti.

Akwai kuma ma'aunin da ƙasashe masu arziƙi ke amfani da shi, wato nawa ake kashewa domin a samar wa mutum ƙarin shekara ɗaya ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya. Da wannan ma'auni ake kwatanta sabon tsari da sauran abubuwan da za a iya yi da kuɗin, kamar rigakafi ko ɗaukar ungozoma. Tsari yana iya zama mai amfani ga lafiya amma ya faɗi a wannan sikeli, idan akwai wani abin da zai ba da amfani mafi yawa da kuɗi ɗaya.

Darasi daga Minas Gerais

Ɗaya daga cikin misalan da aka fi yin nazari a kansu yana Jihar Minas Gerais ta ƙasar Birazil. Jihar tana da faɗin ƙasa fiye da rabin na Najeriya, da mutane kimanin miliyan 20, da ƙananan hukumomi 853, akasarinsu ƙanana ne masu nisa da manyan birane. Ƙwararrun likitoci sun taru a babban birnin jihar, Belo Horizonte, da wasu 'yan birane masu jami'o'i. Ciwon zuciya kuma ya yi yawa, musamman a yankunan da ake fama da cutar Chagas, wadda wani ƙwaro ke yaɗawa, take kuma lalata tsokar zuciya bayan shekaru.

A 2005, jami'o'in gwamnati biyar na jihar suka haɗa gwiwa domin kafa shirin duba ciwon zuciya daga nesa, wanda ya fara aiki a 2006 a ƙananan garuruwa 82. Kayan da aka kai kowane ƙaramin asibiti ba su da yawa: kwamfuta, na'urar gwajin bugun zuciya, kyamara da na'urar buga takarda. An tsara manhajar ta yadda za ta yi aiki ko da intanet ɗin ba shi da ƙarfi. Ma'aikacin lafiya yakan yi gwajin ya tura, likitan zuciya da ke bakin aiki a jami'a ya karanta ya mayar da sakamako. Daga baya aka ƙara da tuntuɓar ƙwararru a wasu fannoni ta hanyar rubutaccen saƙo.

Rahoton da masu gudanar da shirin suka wallafa a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2012 ya nuna cewa cikin shekara biyar an karanta gwajin zuciya sama da 780,000, an amsa tambayoyin ma'aikatan lafiya sama da 30,000, kuma shirin ya kai fiye da garuruwa 600. Kimanin kashi 80 cikin 100 na tuntuɓar sun hana a tura mara lafiya zuwa birni. An zuba wa shirin kimanin Dala miliyan 9, aka kuma ƙiyasta cewa ya hana kashe kimanin Dala miliyan 20, wato kowace Dala ɗaya ta ceto fiye da biyu.

Dalilan wannan nasara a bayyane suke. An fara da matsala guda wadda ta addabi jama'a, kuma wadda ƙwararre zai iya yanke hukunci a kanta ba tare da ya taɓa jikin mara lafiya ba. Likita ɗaya yana iya karanta gwaje-gwaje masu yawa a rana, domin ba sai ya jira an haɗa shi da kowa a bidiyo ba. An gina shirin a cikin asibitocin gwamnati da ke nan tun da farko, da ma'aikatan da ake biya albashi tun da farko. Sannan ƙananan hukumomin Birazil su ne ke ɗaukar nauyin jigilar marasa lafiya zuwa birni, don haka duk tafiyar da aka hana, rarar tana bayyana a asusun wanda ke da ikon ci gaba da biyan kuɗin shirin.

Wasu wuraren da tsarin ya yi tasiri

A Jihar New Mexico ta Amurka, Dokta Sanjeev Arora, ƙwararre a ciwon hanta, ya fara shirin da ake kira ECHO a 2003, lokacin da masu ciwon hanta nau'in C ke jiran watanni kafin su samu ganinsa. Ya riƙa zama ta bidiyo kowane mako da likitoci da ma'aikatan jinya na karkara da na gidajen yari, suna gabatar da marasa lafiyarsu, yana yi musu jagora. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani a karkara sun warke, adadin da ya yi daidai da na asibitin jami'a. Fa'idar wannan salo ita ce ilimin yana zama a wurin ma'aikacin ƙauye, ta yadda bayan wani lokaci yakan rage buƙatar tuntuɓa.

A Ghana, an fara gwajin irin wannan tsari a 2011 a gundumar Amansie ta Yamma da ke yankin Ashanti, da haɗin gwiwar hukumar lafiya ta ƙasar da Gidauniyar Novartis. Ba a yi amfani da bidiyo ba. Ma'aikatan lafiya na ƙauye suna kiran wata cibiya mai aiki dare da rana ta wayar salula, inda likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomomi ke ba su shawara. Gidauniyar ta ba da rahoton cewa fiye da rabin matsalolin an warware su ta waya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kiraye-kirayen sun hana tura mara lafiya gaba. Daga bisani gwamnatin Ghana ta ɗauki tsarin domin faɗaɗa shi zuwa sauran yankuna.

Indiya ta ƙaddamar da dandalinta na gwamnati, eSanjeevani, a ƙarshen 2019, inda ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara ke haɗa marasa lafiya da likitocin manyan asibitoci kyauta. Zuwa farkon 2023, an yi tuntuɓa sama da miliyan 100 ta dandalin, kuma mafi yawansu ta hannun ma'aikatan ƙananan cibiyoyin aka yi su. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci kuwa, akwai shirin RAFT, wanda aka fara a Mali a 2001 tare da asibitocin Jami'ar Geneva, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da suka haɗa da Nijar, Chadi da Kamaru. Shirin ya fi mayar da hankali kan horar da ma'aikata daga nesa da taimaka wa asibitocin gunduma wajen karanta hoton ciki da gwajin zuciya.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne akwai ma'aikacin lafiya a kusa da mara lafiya, wanda zai auna zafin jiki da hawan jini, ya taɓa ciki, ya ba da magani, ya kuma bibiyi yadda jiki ke karɓa.

Inda lissafin bai fita ba

A 2008, Ingila ta fara ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi girma da aka taɓa yi kan sa ido daga nesa, a yankunan Cornwall, Kent da Newham. An shigar da mutum sama da 3,000 masu ciwon suga, ciwon huhu mai daɗewa ko raunin zuciya, aka sanya wa kimanin rabinsu na'urorin awo a gida. Sakamakon farko ya nuna raguwar mace-mace da kwanciyar gaggawa a asibiti. Amma da aka yi lissafin kuɗi a 2013, sai aka ga cewa kowace ƙarin shekara ɗaya ta ƙoshin lafiya ta tashi a kan Fam 92,000, alhali hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila a lokacin ba ta cika amincewa da abin da ya haura Fam 30,000 ba. Tsadar na'urori da ta ma'aikatan da ke sa ido a kansu ta cinye rarar da aka samu.

A Amurka, wani nazari da cibiyar bincike ta RAND ta fitar a 2017 ya duba ma'aikatan gwamnatin Jihar Kalifoniya da ke kiran likita kai-tsaye saboda mura da makamantanta. An gano cewa kashi 12 cikin 100 kawai na kiraye-kirayen ne suka maye gurbin zuwa asibiti. Sauran kashi 88 sabuwar buƙata ce, wato mutanen da da sun zauna a gida har ciwon ya wuce. Duk da cewa kowane kira ya fi zuwa asibiti arha, jimillar abin da aka kashe ƙaruwa ta yi. Sai dai wannan sakamako yana da fuska biyu. A wurin da mutane ke da asibiti a kusa, ƙarin tuntuɓa na iya zama ɓarna. A ƙauyen da mai ciki ko mai hawan jini bai taɓa ganin likita ba, wannan ƙarin shi ne ainihin abin da ake nema, ko da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi.

Misalin Ruwanda kuma gargaɗi ne kan dogaro da mai kuɗi ɗaya. Kamfanin Babyl, reshen kamfanin Babylon na Birtaniya, ya fara aiki a ƙasar a 2016. An tsara shi ta yadda ko mai ƙaramar waya zai danna lambobi ya nemi likita, a kira shi, a turo masa lambar karɓar magani ko ta yin gwaji. Mutum sama da miliyan biyu suka yi rajista, kuma a 2020 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar shekara goma da kamfanin. Da uwar kamfanin ta karye a 2023, sai reshen na Ruwanda ya rufe, duk da farin jinin da yake da shi a wurin jama'a.

Abin da waya ba za ta iya yi ba

Gani ya kori ji, kuma a harkar asibiti taɓawa ma tana da nata matsayi. Naƙudar da ta ƙi ci gaba, zubar jini bayan haihuwa, karaya, saran maciji da ciwon cikin da ke buƙatar tiyata, duk sai an kai mutum inda akwai jini, magani da ɗakin tiyata. Abin da kira zai yi a nan shi ne gaggauta yanke shawarar tafiya, da sanar da asibitin da za a je domin ya shirya. Haka nan, idan ƙwararre ya rubuta magani amma babu shi a ƙaramin asibiti ko a kemis na garin, tafiyar da aka so a hana tana nan daram.

Saboda irin waɗannan dalilai ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 kan amfani da fasahar zamani a harkar lafiya, ta amince da duba marasa lafiya daga nesa a matsayin ƙari kan zuwa asibiti, ba madadinsa ba. Ta kuma gindaya sharaɗin a tabbatar da lasisin masu dubawa, da kare sirrin marasa lafiya, da bin diddigin abin da aka yi musu.

Wani abin lura shi ne waɗanda suka fi buƙatar tsarin su ne suka fi wahalar samunsa. Ko a Amurka, a shekarar farko ta korona, mazauna birane sun fi na karkara amfani da shi a shirin Medicare. Tsofaffi, marasa karatu, da matan da ba su da wayar kansu su ne ke zama a baya idan an ce kowa ya sauke manhaja ya kira likita da kansa.

Halin da ake ciki a Najeriya

Buƙatar a bayyane take. A watan Maris na 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da ke da lasisin aiki a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice zuwa ƙasashen waje cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas, Abuja da manyan biranen jihohi. Akwai ƙananan cibiyoyin lafiya kimanin 30,000, waɗanda akasarinsu ma'aikatan lafiya na matakin farko ne ke riƙe da su. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota ya yi tashin da ya sa kowace tafiyar da aka hana ta ƙara daraja. A wasu sassan Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, hanyar kanta haɗari ce saboda matsalar tsaro.

Najeriya ta taɓa gwadawa. A 2007, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya sun fara shirin gwaji da ya haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya guda shida, ta hanyar tauraron ɗan'adam na NigComSat-1. An harba tauraron a watan Mayun 2007, ya daina aiki a watan Nuwamban 2008 saboda matsalar wutar lantarki, kuma sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Shirin ya ɗauki salon da ya saɓa wa na Minas Gerais, domin ya dogara da fasaha mai tsada, kuma ya haɗa manyan asibitoci da junansu maimakon ya sauka zuwa ƙananan cibiyoyi inda marasa lafiya suka fi yawa.

Yau wayar salula ta sauƙaƙa abubuwa da dama, amma akwai cikas uku. Na farko shi ne wuta da sabis. Ƙananan asibitoci da yawa ba su da tsayayyar wutar lantarki, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A watan Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda yaƙi da 'yan bindiga, lamarin da ya nuna cewa yankin da ya fi buƙatar likita daga nesa yana iya wayar gari babu layi.

Na biyu shi ne wanda zai biya. Kamfanoni masu zaman kansu da ke haɗa mutane da likita ta manhaja sun fi samun kasuwa a birane, wurin masu albashi da masu inshora. Domin tsarin ya isa karkara, sai an samu tsayayyar hanyar biyan likitan da ke amsa kira. Akwai ƙofofi biyu a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Matuƙar tuntuɓa daga nesa ba ta shiga jerin ayyukan da ake biya a kai a kai daga irin waɗannan asusu da hukumomin inshorar jihohi ba, za ta ci gaba da zama shirin gwaji da ke mutuwa idan tallafin masu ba da agaji ya ƙare.

Na uku shi ne amana. Mara lafiya yana da haƙƙin sanin cewa wanda ke magana da shi likita ne mai rajista da hukumar kula da likitoci ta ƙasa. Hotunan jiki da sakamakon gwaji kuma suna cikin bayanan da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗauka a matsayin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka yawo da su a dandalin WhatsApp ba tare da izini ba abin tuhuma ne. Harshe ma yana cikin amana, domin tsohuwar da ke jin Hausa, Fulatanci ko Kanuri kawai ba za ta bayyana ciwonta yadda ya kamata ga wanda ba ya jin harshenta ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Duk lokacin da wata jiha ko ƙungiya ta sanar da sabon shirin duba marasa lafiya daga nesa, akwai tambayoyin da ke nuna ko kuɗin zai yi amfani. Wace matsala ce takamaimai shirin zai warware, kuma ana iya yanke hukunci a kanta daga nesa? Akwai horarren ma'aikaci a wurin mara lafiya? Mutum nawa ake sa ran dubawa a wata, kuma nawa kowanne zai tashi? Zai yi aiki da ƙaramar waya idan data ta yanke? Akwai magani da gwaji a garin? Sannan daga wane asusu za a biya albashi da gyaran kayan aiki bayan shekara uku?

Fannonin da suka fi dacewa da wannan ma'auni su ne bibiyar masu hawan jini da ciwon suga, cututtukan fata, karanta hoton ƙirji da gwajin zuciya, lafiyar ƙwaƙwalwa, da ba ungozoma shawara kan lokacin da ya wajaba a tura mai ciki gaba. A irin waɗannan fannoni mara lafiya yakan yi ta komawa asibiti sau da dama a shekara, saboda haka ko rabin tafiye-tafiyen aka rage, iyali za su ga bambanci a aljihunsu. Alƙaluman Birazil, Ghana da Indiya sun nuna cewa ana samun wannan rara ce idan an fara zuba kuɗi a ƙaramin asibitin da ke garin, ma'aikacinsa, wutarsa da maganinsa, sannan a haɗa shi da ƙwararren da ke birni.